DARASIN WANNAN WATA: Wa Ke Kwashe Sharar Ƙofar Rini, Wa Kuma Ke Biya?

Ƙofar Rini ɗaya ce daga cikin tsofaffin ƙofofin birnin Sakkwato, birnin da Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa a shekarar 1809. 'Yan'uwanta su ne Ƙofar Kware, Ƙofar Dundaye, Ƙofar Kade, Ƙofar Atiku, Ƙofar Aliyu Jeɗo, Ƙofar Taramniya da Ƙofar Marke. Gari ya daɗe da tsallake ganuwa. Yanzu in an ce Ƙofar Rini, unguwa ake nufi, a cikin ƙaramar hukumar Sakkwato ta Arewa.

Kamar sauran unguwannin tsohon gari, gidaje a nan manne suke da juna, lunguna kuma matsattsu ne. Kowane gida yana fitar da shara kullum. Kowane gida yana bukatar ruwa kullum. Tela da mai niƙa da mai sayar da ƙanƙara suna jiran wuta. To, wa ke da alhakin waɗannan ayyuka? In hukuma ta ba wani ɗan kasuwa ya yi mata, da wane sharaɗi take ba shi?

Kada mai karatu na karkara ya ce wannan zancen mutanen birni ne. Rijiyar burtsatsen ƙauyenku kwangila ce. Rumfunan kasuwarku kwangila ce. Haka kwalbatin da ruwa ya cinye bara. Ƙanenka da ya tafi cin rani yana tura kurar ruwa a birni, shi ma yana cikin wannan lissafi.

AIKIN WA NE?

A zamanin En'e akwai ma'aikacin da ake kira duba-gari. Yakan shiga gida ya leƙa randa, ya duba masai da makwarara. In ya sami ƙazanta, sai mai gida ya tsinci kansa gaban alƙali. Dattawa har gobe suna ba da labarin yadda ake shakkarsa. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi a duk Nijeriya, aikin tsabtar gari ya dawo hannunsu. A 1985 kuma gwamnatin soja ta sa tsabtar muhalli cikin shirinta na yaƙi da rashin ɗa'a. Daga nan aka saba da fitowa sharar gari ranar Asabar ta ƙarshen wata.

Tsarin Mulkin 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma a fili. A ciki akwai kwashe shara da bahaya. Akwai gina kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da makewayin jama'a, da kula da su. Akwai magudanan ruwa da fitilun titi. Har ba da lasin keke da kura da baro aikinta ne.

Amma a babban birnin jiha aikin ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma ɗaya. Don haka gwamnatin Jihar Sakkwato tana da nata hukumomi. Akwai Hukumar Kare Muhalli, wadda ake kira SEPA, akwai kuma Hukumar Ruwa. A nan ake samun rikici. Juji ya cika ya toshe hanya, ƙaramar hukuma ta ce na jiha ne, jiha ta ce na ƙaramar hukuma ne. Tun kafin a kai ga zancen ɗan kwangila, abu na farko da mutanen unguwa za su sani shi ne ofishin da aikin yake hannunsa.

MENE NE KWANGILA?

Kwangila ita ce yarjejeniya a rubuce tsakanin mai aiki da wanda zai yi aikin. Hukuma ta ce ga abin da nake so. Ɗan kwangila ya ce zan yi a kan kaza, in gama ranar kaza. Su biyun su sa hannu.

Manomi ya san irin wannan. In ka ɗauki 'yan ƙwadago, ko dai ka biya su da yini, ko ka yi jinga da su a kan gona duka. Kwangila jinga ce. Bambancin kawai shi ne kuɗin ba na ciyaman ba ne, ba na kwamishina ba ne. Kuɗin jama'a ne, shi ya sa aka yi mata doka.

A 2007 gwamnatin tarayya ta yi dokar bayar da kwangila. Jihohi ma sun yi nasu, kuma Sakkwato tana da ofishin da ke tantance kwangiloli da farashinsu. Hanyar da doka ta shimfiɗa ba ta da wuyar ganewa. Da farko a yi shela, a jarida ko a allon sanarwa, don kowa ya ji. Masu so su rubuto farashinsu cikin ambulan a rufe. Wannan takarda ita ake kira tanda. A ranar da aka sa, a buɗe ambulan ɗin gaban mutane, a karanta kowane farashi da ƙarfi. Sannan a zaɓi wanda ya cika sharuɗɗa kuma ya fi sauƙin farashi. A lura, ba mai arha kawai ba. Wanda ba shi da tifa ko ɗaya, ko da ya fi kowa arha, ba zai iya kwashe juji ba.

Akan ba ɗan kwangila kafin-alƙalami don ya soma aiki. Dokar tarayya ta 2007 ta ce kada ya wuce kashi 15 cikin 100. A 2020 aka ɗaga shi zuwa kashi 30 ga 'yan kwangila na cikin gida. Sauran kuɗin sai injiniya ko jami'in lafiya ya je ya gani da idonsa, ya sa hannu a takardar shaidar cewa an yi aikin.

Wannan takardar shaida ita ce mabuɗin baitulmali. In jami'i ya sa hannu yana zaune a ofis, kuɗi sun tafi, shara kuwa tana nan inda take.

INDA KUƊIN KE ZUREWA

Akwai wata mummunar al'ada da ake kira sayar da kwangila. Mu yi lissafinta tare. Wannan misali ne kawai, amma a ɗauko alli a bi shi a hankali.

A ce an ba da aikin yashe magudanan unguwa a kan Naira 1,000,000. Wanda aka ba ba shi da ko shebur, sai dai yana da uwa a gindin murhu. Ya cire Naira 200,000, ya sayar wa wani a kan Naira 800,000. Na biyun ya cire Naira 150,000, ya miƙa wa na uku a kan Naira 650,000. Na uku shi ne zai shiga kwata. Shi ma yana da iyali, ya ware ribar Naira 100,000. Nawa ya rage? Naira 550,000.

Wato a kowace Naira 100 da aka fitar, Naira 55 ce kawai ta isa magudana. Na ukun nan zai yashe bakin titi inda manya ke wucewa, ya bar lungu. Zai tara laka da leda a gefen kwata, ba zai ɗauko motar kwashewa ba. Ruwan farko ya sauka, duk su koma ciki. Damina a Sakkwato gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, amma ruwan Agusta yakan zo da ƙarfi. Gidan ƙasa kuwa ba ya jure kwanan ruwa a gindinsa.

Mutane sukan zagi na ukun, domin shi suke gani. A ganinmu, na farko da wanda ya ba shi sun fi cancantar tambaya.

HANYOYI UKU NA BA DA AIKIN TSABTA

Hanya ta farko, hukuma ta biya ɗan kwangila daga asusunta. Mai gida ba ya biyan komai kai tsaye. Wannan ya dace da kasuwa da manyan tituna da unguwannin talakawa. Sai dai komai ya danganta da abin da aka rubuta za a biya a kansa. In an ce za a biya shi a kan kowane sawun tifa, zai riƙa tafiya da rabin mota don sawu ya yi yawa. Wani ma zai juye kayan a kangon da ke kusa, ya dawo da sauri. In kuma an yanka masa kuɗin wata ba tare da dubawa ba, zai zo sau ɗaya ya ɓace. Abin da ya fi shi ne a rubuta sunan kowane juji, da ranakun kwashewa, da wurin da za a kai. A kuma sa mutum biyu ko uku daga unguwar su riƙa sa hannu duk ranar da mota ta zo. Ga amfanin iya rubutu.

Hanya ta biyu, a yanka wa ɗan kasuwa unguwa, ya riƙa bi gida gida, masu gida su biya shi a wata. Legas ta daɗe tana yin haka da ƙananan 'yan kasuwa masu motocin shara. Tana tafiya daidai a unguwar masu hali. A unguwar da ake neman na tuwon dare, mutane sukan ƙi biya, su aiki yaro ya zubar a kwata da dare.

Hanya ta uku ita ce haya. Hukuma ta gina gidan wanka da bahaya a kasuwa ko tasha, ta ba wani ya riƙe, ya karɓi kuɗin shiga, ya biya ta wani abu a wata ko a shekara. Duk wanda ya kwana a birni ya san gidajen wankan 'yan kasuwa sun fi na kyauta tsabta, domin mai wurin ya san in ya yi wari ba mai shiga. Abin lura a nan shi ne ina ake kai abin da aka kwashe daga ramin. In mai motar kwasar masai ya juye a fadama kusa da rafi, an tsabtace kasuwa ne an ɓata ruwan ƙauye.

ABIN DA YA FARU A LEGAS DA KANO

A 2017 gwamnatin Legas ta sake tsari. Ta ɗauki babban kamfani guda, Visionscape, ta ba shi kwashe sharar gidaje, ta ture ƙananan 'yan kasuwar da suka saba yi. Ba a daɗe ba shara ta taru a tituna, jama'a suka yi ta kuka. Daga baya sai da aka dawo da ƙananan 'yan kasuwar.

Kano ma ta gwada. Tana da hukumar kwashe shara mai suna REMASAB tun 2003. A 2021 gwamnatin jihar ta miƙa aikin ga wani kamfani mai zaman kansa. A 2022 ta soke yarjejeniyar, bayan bola ta cika gari.

Ba muna cewa kamfani ba ya iya aiki ba ne. Amma in aka ɗora gari duka a kan kamfani ɗaya, ranar da ya gaza kowa ya shiga uku. Ga shi kuma an riga an sallami masu yi a da, motocin hukuma sun ruɓe a gareji. Sannan babbar mota ba ta shiga lungun tsohon gari irin na Ƙofar Rini. Abin da ke shiga shi ne baro da kura da jaki. Duk tsarin da ya manta da mai baro, a bakin kwalta zai tsaya.

Akwai kuma laifin da ke wuyan hukuma. Ɗan kwangila na gari ma yakan tsaya in an riƙe masa kuɗi wata da watanni. Man gas ya yi tashin gwauron zabi a 2022, fetur ya bi shi a 2023 bayan an janye tallafi. Wanda ya yi jinga kafin wannan tashi, in ba a sake duba farashinsa ba, ko dai ya karye ko ya ha'inci aikin.

RUWA

Ruwan famfon Sakkwato yawancinsa daga kogin Rima yake. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984, ita ke riƙe ruwan damina ta riƙa sako shi da rani. Hukumar Ruwa ta jiha ce ke tacewa ta turo cikin gari. Amma injinan turo ruwa suna bukatar wuta ko man gas. Ana bukatar alam da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta. Duk waɗannan ta hanyar kwangila ake sayo su. In ɗan kwangilar alam ya makara, famfon tsohuwa a lungu ne zai kawo jan ruwa, ko ya ƙafe.

Inda famfo ya gaza, ɗan ga-ruwa ke cike gurbi. Ba wanda ya ba shi kwangila, amma shi ne hukumar ruwan talaka. Ga wani lissafin. Masana lafiya sun ce mutum ɗaya yana bukatar aƙalla lita 20 a rana don sha da girki da ɗan wanke-wanke. Gida mai mutum 10 yana bukatar lita 200 ke nan, wato jarka 8 mai cin lita 25. A ce jarka Naira 100 take. Malamin aji ya sa farashin garinku a madadin wannan. Kullum Naira 800. A kwana 30, Naira 24,000. Mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a 2024 shi ne Naira 70,000. Ka ga ruwa kaɗai ya cinye fiye da sulusinsa.

To, mai gidan da ya kasa sayen jarka 8 zai sayi 4. Abin da za a fara ragewa shi ne wanke hannu da wanke kwanuka. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Sakkwato tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Wannan cuta ta ruwa mai ƙazanta ce da bahaya a fili. Ba a rasa maganinta ba. A 2022 aka bayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko da ta rabu da yin bahaya a fili, kuma yawancin mutanenta manoma ne kamar mu.

A karkara, kwangilar da aka fi cutar jama'a da ita ita ce ta burtsatse. A haƙa, a ɗora tanki, a yanka kirtani, a tafi. Bayan wata shida famfo ya lalace, ba wanda ya san inda ake sayen kayan gyaransa. Kafin injin haƙa ya bar garinku, ku tambayi zurfin da aka rubuta a takarda da zurfin da aka haƙa. Ku tambayi tsawon lokacin da gyara yake wuyan ɗan kwangila. Ku nemi a koya wa samari biyu na garin yadda ake kwance famfon a mayar. Ku kuma kafa ɗan asusu tun ruwa na zuwa.

WUTA

Zancen wuta gajere ne, domin ba ta hannun ƙaramar hukuma. NEPA da aka kafa a 1972 ta zama PHCN a 2005. A watan Nuwamba na 2013 aka fara miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu. Sakkwato da Kebbi da Zamfara da Kaduna suka faɗa hannun kamfanin rarraba wuta na Kaduna. Hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin ita ce NERC.

Abu ɗaya ya kamata kowa ya riƙe. NERC ta sha faɗa cewa gyaran taransifoma da turakun wuta da wayoyi aikin kamfani ne, ba na masu biyan kuɗin wuta ba. In mutanen unguwa sun gaji da duhu sun yi karo-karo, to su yi shi da yarjejeniya a rubuce tsakaninsu da kamfanin. Mai ƙorafi ya fara rubuta wa kamfani, ya ajiye kwafe. In ba a share masa hawaye ba, ya kai ofishin sauraron ƙorafi na NERC.

INA RABON ƊAN KASUWAR UNGUWA?

Gwamnatoci sukan ce suna ƙarfafa wa ƙananan 'yan kasuwa gwiwa. Wasu daga cikin abubuwan da aka yi na gaske ne, kuma ya kamata a san su. Dokar kuɗi ta 2019 ta yafe wa kamfanin da cinikinsa bai kai Naira miliyan 25 a shekara ba harajin kamfani. Sabuwar dokar haraji ta 2025 ta ƙara ɗaga wannan adadi. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyin yi wa ƙananan sana'o'i 250,000 rajistar suna kyauta. Akwai kuma hukumar SMEDAN da aka kafa a 2003 don raya ƙananan sana'o'i.

Rajista ita ce ƙofa. Hukuma ba ta ba mutum kwangila don yana da ƙarfi ko don maƙwabta sun yabe shi. Tana neman takardar rajista, da asusun banki, da shaidar haraji. A nan ne mai baro da ɗan ga-ruwa da ɗan jari-bola ke faɗuwa, alhali su ne ke yin aikin tun asali. Mutum ɗaya ba zai iya wannan ɗawainiya ba. Amma mutum 10 ko 20 za su iya haɗuwa su yi ƙungiyar gama-kai, su yi mata rajista a ofishin ƙungiyoyin gama-kai na jiha, su buɗe asusu da sunanta.

Kafin a yi murna, a yi lissafi. A ce ƙungiya ta sami unguwa mai gida 300, kowane gida zai ba da Naira 500 a wata. In kowa ya biya, Naira 150,000 ke nan. A ce masu tura baro mutum 4 ne, suna aiki da safe kawai, kowa Naira 20,000. Ya zama Naira 80,000. Gyaran baro da shebur da safar hannu, Naira 15,000. Jimlar kashewa Naira 95,000. Riba Naira 55,000. Amma in gida 200 ne kawai suka biya, abin da ya shigo Naira 100,000 ne, riba ta koma Naira 5,000. Taya biyu suka fashe, an shiga bashi.

Wannan lissafi ya nuna mana irin taimakon da ke da amfani. Rabon baro da kekunan ɗinki gaban 'yan jarida yana da daɗin kallo, amma ba shi ke riƙe sana'a ba. Abin da ke riƙe ta shi ne a raba babbar kwangila ƙanana-ƙanana, yadda ƙungiyar unguwa za ta iya ɗaukar ɗaya. A ware wurin tara shara a bakin titi, motar hukuma ta riƙa zuwa a kan lokaci. Hukuma ta cike gibin gidajen da ba su da hali. Mai unguwa da liman su sa baki a riƙa biya. Uwa uba, a biya ƙaramin ɗan kwangila da wuri, domin ba shi da jarin jira.

Haka nan a rage masa masu karɓa. A 1998 aka yi dokar da ta jera irin kuɗin da ƙaramar hukuma za ta karɓa, kamar kuɗin shago da na kasuwa da na tasha da na kwashe shara. Ta kuma hana tare hanya don karɓar haraji. Duk wanda ya karɓi kuɗinka da sunan hukuma, ka nemi rasit mai lamba da hatimi. Ka karanta abin da aka rubuta a kai. In ka ba da Naira 500 aka rubuta 200, ka san inda saura ta tafi.

Ga kuma wata riba da ta shafi manomi kai tsaye. Tun kaka da kakanni manoman kewayen birni ke zuwa da jakuna da mangala su kwashi juji su kai gona. Tokar murhu da kashin awaki da ɓawon kayan miya taki ne mai kyau, ga shi buhun takin zamani ya yi tsada. Abin da ya ɓata wannan ciniki shi ne leda da fasassun kwalabe da batir. Leda ba ta ruɓewa a gona, in tunkiya ta ci kuma takan toshe mata tumbi ta yi ta ramewa. Mahauta sun san yawan ledar da suke cirowa daga cikin dabbobi. Ƙungiyar da ta koya wa matan gida ware leda daban, toka da shara daban, ta sami kaya biyu na sayarwa. Taki ga manomi, ƙarfe da roba ga ɗan gwangwan. Sharar asibiti kuwa, irin su allura da auduga mai jini, ba ta shiga wannan ciniki ko kaɗan.

KANA DA IKON TAMBAYA

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Jihar Sakkwato tana da ƙananan hukumomi 23. Duk kuɗin da ya ƙaru a hannunsu, kwangila ce za ta ƙaru. Idon jama'a ma ya kamata ya ƙaru.

A 2011 aka yi dokar 'yancin samun bayani. Ta ba kowane ɗan ƙasa ikon ya rubuta wa ofishin gwamnati ya nemi ganin takardun aikin jama'a. Ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Ofishin yana da kwana 7 ya ba da amsa. Dokar ta ce wanda bai iya rubutu ba yana iya sa wani ya rubuta masa. A 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ta hau kan jihohi ma, ba tarayya kaɗai ba.

Ba a fara da faɗa. A fara da kansilan mazaɓa, a tafi da mai unguwa ko hakimi in ya samu. In ba a sami bayani ba, sai a rubuta. A yi kwafe biyu, a miƙa ɗaya, a sa magatakarda ya buga hatimi da kwanan wata a kan ɗayan, a dawo da shi gida.

AIKIN AJI

Kowane ɗalibi ya zaɓi aiki ɗaya da aka yi a garinsu, ko rijiya ko kwalbati ko rumfar kasuwa. Ya kwafi wannan wasiƙa a littafinsa, ya cike guraben da aka bari. Malami ya duba rubutun kafin a tashi.

Zuwa ga Shugaban Ƙaramar Hukumar ..........

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, mu mutanen unguwar .......... muna neman bayani a kan aikin .......... da aka yi a garinmu a shekarar .......... Muna roƙon a sanar da mu sunan wanda aka ba aikin, da kuɗin da aka yi jinga, da abin da aka riga aka biya, da ranar da aka ce za a gama. Muna kuma son ganin takardar da ta nuna wanda gyara yake wuyansa in aikin ya lalace. Muna neman wannan ne bisa dokar 'yancin samun bayani ta 2011.

Mun gode. Allah ya taimake ka.

Sa hannu ..........

Kwanan wata ..........